Sulhu Aiki Ne da Ake Koya: Darasi Daga Hanyar Wusasa da Ƙofar Kuyambana

Duk wanda ya san Zariya ya san Ƙofar Kuyambana, ɗaya daga cikin ƙofofin tsohuwar ganuwar birnin Zazzau, a ɓangaren da ke duban Wusasa da dutsen Kufena. Tun da sassafe masu babur da masu Keke Napep suke ta kai da kawowa a wurin. Wasu sun fito daga cikin birni za su asibiti a Wusasa, wasu kuma daga Wusasa za su kasuwa ko wurin aiki a cikin birni. Tafiyar ba ta da nisa. Amma manyanmu suna tune da ranakun da wannan 'yar gajeriyar hanya ta gagari kowa, na ciki yana tsoron fita, na waje yana tsoron shiga.

Idan irin wannan rana ta zo, wa za mu aika ya ratsa ƙofar ya yi magana da dattawan unguwa, su kuma saurare shi? Wa ya shirya shi, kuma yaushe? Wannan tambaya ce ta sa muka ga ya kamata mu yi bayani a kan makarantu da shirye-shiryen da ke horar da mutane aikin gina zaman lafiya da raya al'umma. Sau da yawa idan matashi ya ce wannan fanni yake so ya karanta, iyaye sukan ce, "Zaman lafiya kuma har sai an je makaranta?" Amsarmu ita ce i, sai an koya. Ikkilisiyar da ba ta horar da kowa ba a lokacin kwanciyar hankali, ba za ta sami wanda za ta aika ba ranar tashin hankali.

Abin da hanyar nan ta gani

Bishara ta zauna a cikin ganuwar Zariya kafin ta koma Wusasa. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a cikin birni tun daga 1905, yana ba da magani yana kuma koyar da yara. A 1929 aka mai da mishan ɗin Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubalin ƙasa irin na ginin Hausawa. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, Miller na cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassara shi. Daga wannan al'umma aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, a Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya girma. Har yau akwai zuriyoyi a yankin da za ka tarar da Kirista da Musulmi a cikinsu, kakansu ɗaya, suna halartar suna da biki da jana'izar juna.

Duk da wannan zumunci, wuta ta sha tashi. A watan Maris na 1987 rikicin da ya fara a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone majami'u masu yawa a Zariya da kewayenta. A 1992 rikicin Zangon Kataf ya sake tsallakowa. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe mutane fiye da 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa. An ƙone majami'u a garuruwa da dama, an kuma kashe Musulmi masu yawa a kudancin Kaduna. Ranar Lahadi 17 ga Yuni 2012 aka kai harin bam a majami'ar ECWA da ke Wusasa da babbar majami'ar Katolika ta Christ the King a Sabon Gari, da wata majami'a a Kaduna. Kafin rana ta faɗi, matasa sun tare hanya a Kaduna suna ramuwa a kan matafiyan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Mun kawo waɗannan ne domin mu lura da abu guda. A kusan dukansu, abin ya faro ne a wani wuri, labari ya iso, wani lokaci da ƙari a kai, sannan cikin 'yan sa'o'i kaɗan aka yanke shawarar da ta ci rayuka. Waɗannan 'yan sa'o'i su ne filin aikin mai sulhu. A 1987 an ƙone majami'a da gidan wani matashin fasto a Zariya, Benjamin Kwashi, wanda daga baya ya zama Babban Bishop na Anglika a Jos. An san shi da kiran da ya yi wa masu bi a lokacin cewa kada su rama. Magana irin wannan tana tasiri ne idan ta fito daga bakin wanda jama'a suka riga suka amince da shi.

Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba

Dukanmu mun san albarkar da Ubangijinmu Yesu ya furta a kan masu kawo sulhu (Matiyu 5:9), mun kuma san Allah ya danƙa wa ikkilisiya hidimar sulhu (2 Korintiyawa 5:18-19). Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, masu sulhun da ke cikin Littafi Mai Tsarki sun san yadda ake yin aikin.

Mu dubi Abigel a 1 Sama'ila 25. Wani bara ne ya kawo mata labari da wuri cewa mijinta Nabal ya wulaƙanta manzannin Dawuda. Ba ta ɓata lokaci ba. Ta gane ainihin abin da ya jawo fushin, wato raini da hana abinci, ta ɗauki abincin ta tari Dawuda a hanya kafin ya iso, ta yi masa magana da girmamawa, ta kuma tuna masa da nauyin jinin da zai ɗauka. Ga samun labari da wuri, ga fahimtar tushen rikici, ga zaɓen lokaci da wuri da kalmomi. Waɗannan su ne abubuwan da ake koyarwa a aji yau.

A Farawa 13 faɗan makiyaya a kan wurin kiwo ne ya shiga tsakanin Ibrahim da Lutu, aka warware shi ta wurin raba ƙasa. A Ayyukan Manzanni 6 gunaguni ya tashi a ikkilisiyar farko saboda ana tsallake gwaurayen wani ɓangare wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi haƙuri kawai ba. Sun gyara tsarin rabon, mutum bakwai ɗin da aka zaɓa kuwa dukansu sunayen Helenanci gare su, wato irin sunayen ɓangaren da ya kawo kuka. Yusufu kuma ya tsara ajiyar hatsi ta shekara bakwai a Masar (Farawa 41), abin da a yau za a kira aikin raya ƙasa da shirin tarar bala'i.

Muna tura fasto makarantar tauhidi ko da yake yana da kira. Muna tura ma'aikaciyar jinya makaranta ko da yake tana da tausayi. Wanda zai shiga tsakanin mutanen da suka binne 'ya'yansu, shi ma yana bukatar horo, domin kalma ɗaya da ta fita ba daidai ba tana iya rushe aikin shekara.

Me ake koyarwa?

Abu na farko shi ne nazarin rikici. Ana koya wa ɗalibi ya dubi rikici kamar itace. Ganyen shi ne abin da ido ke gani, wato ƙone-ƙone da kashe-kashe. Saiwar kuwa tana ƙarƙashin ƙasa: rikicin gona, sarauta, rashin aikin yi, siyasa, ko tsohon zalunci da ba a taɓa hukunta shi ba. Wanda ya sare ganye ya bar saiwa, da damina ta zo zai sake gani. Ana kuma koya masa ya bambanta abin da mutum yake faɗa da abin da yake bukata. A ce manomi ya rantse ba saniyar da za ta sake ratsa ƙauyen, makiyayi kuma ya rantse sai ya wuce. Idan aka tsaya a kan bakinsu, babu mafita. Idan aka tona, manomi amfanin gonarsa yake so ya tsira har girbi, makiyayi kuma hanyar zuwa mashaya yake nema. Daga nan za a iya zancen buɗe burtali, da lokacin shiga gona bayan girbi, da wanda zai ƙiyasta ɓarna idan ta faru.

Na biyu shi ne sauraro da shiga tsakani. Karin Magana 18:13 da 18:17 sun gargaɗe mu a kan amsa magana kafin a ji ta, da kuma yanke hukunci daga jin bakin mutum ɗaya. A aji ana gwada wannan a aikace. Ɗalibai sukan raba kansu ɓangare biyu, ɗaya ya zauna a tsakiya, malami yana gyara masa: yadda zai gana da kowane ɓangare shi kaɗai tukuna, inda za a zauna da kowa zai yarda da shi, wanda zai fara magana, da yadda za a rubuta abin da aka amince a kai ta yadda za a iya bin sawunsa.

Na uku shi ne gargaɗin gaggawa. Rikici yana da alamu: jita-jita a WhatsApp, mutane suna kwashe iyalansu da dare, baƙin fuskoki a unguwa, wa'azin da ya fara zafi. Ana koyar da yadda za a tantance labari kafin a yaɗa shi, da wanda za a kira: mai unguwa, limami, fasto, shugaban matasa, baturen 'yan sanda. Lambobin wayar nan tun kafin ranar ake tara su.

Na huɗu shi ne warkar da raunin zuciya. Wanda ya ga an kashe nasa a gabansa yakan kasa barci, ya riƙa firgita, ko ya cika da fushin da yake saukewa a kan iyalinsa. Raunin da ba a yi jinyarsa ba yakan koma ramuwa, ko a hannun mai shi ko a hannun 'ya'yansa. Ana koyar da yadda za a zauna da irin wannan mutum ba tare da an gaggauta masa cewa ya gafarta ba, da kuma sanin lokacin da ya kamata a kai shi wurin likita.

Na biyar shi ne aikin raya al'umma: binciken bukatun jama'a, rubuta takardar neman tallafi, tsara kasafin kuɗi, adana rasit, da auna ko aikin ya yi amfani. Akwai wata ƙa'ida da Mary Anderson ta yi fice da ita a littafinta na 1999, cewa taimako kansa yana iya hura wutar rikici. A ce wata ƙungiya ta haƙa rijiyar burtsatse a harabar majami'a a ƙauyen da kowa ke fama da ƙishirwa, aka kuma sa mata makulli. Niyyar mai kyau ce, amma an ƙara wa ƙauyen dalilin gaba. Da an zauna da kowa an zaɓi wuri, aka kafa kwamitin da ya haɗa ɓangarorin biyu, da rijiyar ta zama wurin haɗuwa.

Masana sun kuma bambanta zaman lafiya iri biyu. Johan Galtung, ɗan ƙasar Norway, ya nuna cewa akwai shirun da ake samu don an daina harbi, ko don soja na kan titi, akwai kuma zaman lafiyar da ke tsaye a kan adalci, inda kowa ke da hanyar kai kukansa a saurare shi. Wannan bai yi nisa da abin da annabawa suke nufi da salama ba.

Ina ake samun horon?

Mu fara daga gida. A Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, akwai Sashen Nazarin Ƙananan Hukumomi da Raya Ƙasa a harabar Kongo, da Sashen Kimiyyar Siyasa da Nazarin Ƙasa da Ƙasa a Samaru. Mai son raya karkara ta hanyar noma yana da tsangayar aikin gona da cibiyoyin binciken noma a Samaru ɗin. Matashin Wusasa ko Tudun Wada zai iya yin wannan karatu yana kwana a gidan iyayensa.

A Kaduna akwai wurare biyu da suka dace da ma'aikatan ikkilisiya. Na farko ita ce cibiyar nazarin dangantakar Kirista da Musulmi da Bishop Josiah Idowu-Fearon ya kafa. Shi kansa ya yi makarantar soja ta Zariya, ya shugabanci Kwalejin Tauhidi ta St. Francis of Assisi a Wusasa, ya karanta addinin Musulunci a Jami'ar Birmingham ta Ingila, ya riƙe muƙamin babban sakataren Anglika na duniya daga 2015 zuwa 2022, shi ne kuma aka naɗa shugaban Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna da aka kafa a 2017. Na biyu ita ce cibiyar Interfaith Mediation Centre ta Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa. A rikicin 1992 kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa. Fasto Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 suka fara aiki tare. Suna cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna, wadda shugabannin addini 22 suka sa wa hannu a watan Agusta na 2002, da sulhun Yelwa da Shendam a Jihar Filato a 2005. Sun horar da matasa da mata da malaman addini a ciki da wajen Najeriya.

A matakin jami'a, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri na biyu a nazarin zaman lafiya da rikici a shekarar 2000, a shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar IPCR a Abuja domin bincike da horo a wannan fanni. Jami'ar Jos tana da cibiyar CECOMPS. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, tana ba da digiri a nazarin zaman lafiya da warware rikici, abin da ya dace da fasto ko malamin makaranta da ba zai iya barin aikinsa ba.

Ikkilisiyoyi ma ba a bar su a baya ba. EYN, wadda ta faro a Garkida a 1923, ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami daga iyayenta na bangaskiya. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yanta ne, a shekarar kuma Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi. Duk da haka ta ci gaba da koyar da zaman lafiya da warkar da raunin zuciya, tana kuma aiki da Musulmin da rikicin ya shafa. Cocin Katolika yana da hukumar adalci da raya al'umma da zaman lafiya a dayosis-dayosis. Ƙungiyar CRUDAN da ke Filato ta daɗe tana horar da ma'aikatan ikkilisiyoyi aikin raya karkara. PROCMURA, mai hedkwata a Nairobi, tun 1959 take taimaka wa ikkilisiyoyin Afirka su fahimci maƙwabtansu Musulmi.

A wajen ƙasa, ƙungiyar WANEP da aka kafa a 1998 tana shirya gajeren horo a Accra ta ƙasar Gana, inda kuma cibiyar Kofi Annan ta horar da masu aikin kiyaye zaman lafiya take. Jami'ar Bradford a Ingila ta buɗe sashen nazarin zaman lafiya tun 1973. Jami'ar Eastern Mennonite a Amurka makarantar ikkilisiya ce, a can Leymah Gbowee ta Laberiya ta yi digirinta na biyu, matar da ta haɗa kan mata Kirista da Musulmi suka matsa a kawo ƙarshen yaƙin ƙasarsu, ta kuma sami lambar yabo ta Nobel a 2011. Ƙungiyar Rotary tana ɗaukar nauyin karatun zaman lafiya a wasu jami'o'i, ciki har da Makerere ta Uganda. Sai dai irin waɗannan guraben sukan nemi wanda ya riga ya yi shekaru yana aiki a cikin jama'a. Hanyar Bradford daga unguwarku take farawa.

A zauna a yi lissafi

Ubangiji ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya lissafta abin da za ta ci (Luka 14:28). Ga abubuwan da muke so matasa da iyaye su sani.

Aiki akwai shi: a hukumomin zaman lafiya da na agajin gaggawa na jiha da tarayya, a ƙungiyoyi masu zaman kansu, a sassan Majalisar Ɗinkin Duniya, a ECOWAS da ke Abuja, a jami'o'i, da kuma sassan raya al'umma na ikkilisiyoyi. Amma yawancin aikin ƙungiyoyi na kwantiragi ne, shekara ɗaya ko biyu, kuma ya dogara ga kuɗin masu tallafi daga waje. A 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta ta kuma rufe hukumar USAID, ma'aikata da yawa a Najeriya suka wayi gari babu aiki. Saboda haka shawararmu ita ce a haɗa wannan horo da wata sana'a tabbatacciya: koyarwa, jinya, aikin gona, lauya, akanta, aikin jarida ko hidimar fasto. Malamar asibitin da ta iya sulhu tana da abin yi ko da tallafi ya yanke.

Akwai haɗari kuma. A watan Maris na 2018 aka sace ma'aikatan lafiya mata a Rann ta Jihar Borno, daga baya aka kashe biyu daga cikinsu, unguwarzoma da ke aiki da Red Cross. Su biyun da aka kashe Musulmi ne da suka je taimakon 'yan gudun hijira. Mai sulhu kuma yakan sha zargi daga gida. Nasa su ce ya sayar da su, na can su ce ɗan leƙen asiri ne.

A kuma yi hankali da masu sayar da takarda. Akwai masu tara mutane a otal na yini ɗaya, su karɓi kuɗi, su rataya musu lambar "jakadan zaman lafiya". Kafin a biya ko sisi, a tambaya: hukumar NUC ta amince da kwas ɗin? Su wa suke koyarwa, kuma wane rikici suka taɓa shiga tsakaninsa? Ana fita aiki cikin jama'a, ko zaman aji ne kawai? Waɗanda suka gama, ina suke yanzu?

Tambayoyi biyu da ke damun masu bi

Ta farko: zama da malaman wani addini ba sassauta bangaskiya ba ne? Fasto Wuye bai daina zama fasto ba, Imam Ashafa bai daina limanci ba, kuma ba sa ɓoye cewa sun bambanta a kan manyan al'amuran bangaskiya. Abin da suka amince a kai shi ne ba za a kashe kowa saboda wannan bambanci ba. Allah ya umarci Isra'ilawa su nemi lafiyar Babila, birnin waɗanda suka kai su bauta, su kuma yi mata addu'a (Irmiya 29:7). Mu kuwa ba baƙi ba ne a Zazzau ko Kano ko Katsina. Wanda ya san abin da ya gaskata ba ya tsoron zama da wanda bai yarda da shi ba. Shi ya sa muke cewa a aika waɗanda suka kafu cikin Maganar Allah.

Ta biyu ta fi zafi: mu ake kashewa, mu kuma ake ce wa mu yi sulhu, ina adalci? Tambayar tana da tushe, musamman daga bakin wanda aka ƙone ƙauyensa ko aka sace 'yarsa. Horo na gaskiya ba ya koya wa kowa ya rufe baki. Yana koyar da yadda za a rubuta abin da ya faru da suna da rana da shaida, yadda za a kai ƙara, yadda za a tsaya gaban kwamitin bincike, da yadda za a sami Musulmi masu gaskiya su tsaya tare da mu, mu ma mu tsaya tare da su ranar da aka zalunce su. Manzo Bulus, wanda ya ce mu yi iyakar ƙoƙarinmu mu zauna lafiya da kowa (Romawa 12:18), shi ne kuma ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma, har ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Abin da aka hana mu shi ne ramuwa. Neman adalci kuwa umarni ne (Mika 6:8).

Kada kuma mu ɗauka sa hannu a takarda shi ne ƙarshen aiki. Wata uku bayan yarjejeniyar Kaduna ta 2002, rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ɓarke a garin. Shugabanni na sama suna iya sa hannu, amma idan babu horarrun mutane a kowace unguwa, takardar ba za ta tare kowa a kan titi ba.

Abin da ikkilisiya za ta yi

Kowace majalisar dattawa ta duba cikin jama'arta ta zaɓi mutum biyu ko uku, namiji da mace, waɗanda aka san su da riƙon amana da haƙuri da iya bakinsu. Ba lallai sai masu digiri ba. Sau da yawa uwar Zumuntar Mata da ke sayar da hatsi a kasuwa ta fi kowa sanin abin da ke tafasa a gari.

A sa kuɗin horonsu cikin kasafin shekara, kamar yadda ake sa na ginin majami'a da na kayan kiɗa. Idan ikkilisiya ɗaya ba za ta iya ba, gunduma ta haɗa hannu. A yi yarjejeniya da su cewa in sun dawo za su koyar da matasa da Zumuntar Mata da malaman Makarantar Lahadi abin da suka koyo, da Hausa, da misalan garinsu.

A ba su aiki tun daga cikin gida. Rikicin gado, rikicin aure, rikicin zaɓen shugabanni da na ƙabilanci a cikin ikkilisiya, duk wuraren gwaji ne. Ikkilisiyar da ta rabu biyu a kan kujera, da wane baki za ta sulhunta gari?

Sannan a fara ziyara tun ana zaman lafiya. A je gaisuwar Sallah, a je ta'aziyya, a gaida mai unguwa da limami, a haɗa matasa aikin gayya na share magudanar ruwa kafin damina. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Fuskar da aka saba gani a ranar farin ciki ita ake buɗe wa ƙofa a ranar tsoro. Ga mutumin Wusasa, gwajin karatunsa shi ne ko zai iya shiga ta Ƙofar Kuyambana a ranar da gari ya yi tsit, a kira shi da sunansa, a shimfiɗa masa tabarma. Kowane garinmu yana da tasa ƙofar.

Don tattaunawa a ƙungiyoyi

1. A rikicin ƙarshe da ya shafi garinmu, wane labari ne ya fara isowa, ta bakin wa, kuma wa ya tantance shi?
2. Shugabannin Musulmi nawa ne a unguwarmu da fastonmu ko dattawanmu za su iya kira a waya da tsakar dare?
3. Su wane ne a cikinmu suke da baiwar Abigel, kuma me ya hana mu tura su horo a wannan shekara?

Mu yi addu'a domin waɗanda suke ɗauke da raunin rikici a cikinmu da cikin maƙwabtanmu, domin malamai da ɗaliban wannan fanni, domin kuma Ubangiji ya ba dattawanmu hikimar zaɓen waɗanda za a aika. Salamar Almasihu ta kasance tare da ku duka. Amin.